Mai Ɗanɗana wa Mu'allim Miya

Ban je Jidda don in dafa abinci ba. A gida ko ruwan shayi ban taɓa ɗorawa ba. Noma nake yi da damina, da rani in yi dako a tasha. Aikin hajji ya kai ni, da aka gama jirginmu ya tashi ban bi shi ba. Wani ɗan garinmu da ya riga ni zuwa ya ba ni wurin shimfiɗa tabarma a unguwar Karantina, mu biyar a ɗaki ɗaya, shi ne kuma ya kai ni inda ake ɗaukar leburori a Madinar Masana'antu.

A wancan zamanin duk inda ka waiga a Jidda gini ake yi, duk inda ake gini kuma sai ka ga 'yan Koriya. Suna da sansaninsu can bayan masana'antu, ɗakunan kwano a jere, an kewaye da waya. Wata bakwai na yi ina sauke musu siminti daga mota. Ran nan na sunkuya zan ɗauki buhu, sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, na kasa miƙewa. Na fi kwana goma a kwance. Da na koma, shugaban leburori, wani ɗan Yaman, ya kalli yadda nake tafiya a karkace ya ce siminti kam halas, na gama da shi ke nan, amma ana neman mai wanke tukwane a kicin.

A nan na haɗu da mutumin da na yi shekara goma sha tara ina kira Mu'allim. Haka ake kiran duk wani ubangida a sana'a a ƙasar, shi kuma shi ne babban kuku na sansanin. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, furfura ta fara cin gefen kansa, ya girme ni da kusan shekara ashirin. Larabcinsa bai taka kara ya karya ba, nawa ma a lokacin haka yake. Da wannan guntun Larabcin da nuni da hannu muka yi zamanmu. Shi Hajji yake kirana, har muka rabu bai taɓa kiran sunana ba.

A kwana na uku ya nuna mini wani ɗaki mai sanyi a bayan kicin ya ce in share. Na tarar da duro-duro na roba a jere. Na buɗe ɗaya, wani wari mai tsami ya buge ni har sai da na ja baya. Kabeji ne a ciki, jajawur, yana ta kumfa a hankali. Na ce a raina, waɗannan mutane sun manta da abincinsu har ya ruɓe. Ina son in burge sabon ubangida, sai na jawo duron nan da ciwon ƙuguna har bakin ramin shara, na juye, na wanke shi da sabulu tas, na kawo masa ina murmushi.

Mu'allim ya leƙa cikin duron, ya kalle ni, ya sake leƙawa. Bai yi faɗa ba. Ya kife wani akwatin kayan miya ya zauna a kai, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Can ya tashi ya shiga ɗakin sanyin, ya fito da ɗan faranti ya ajiye a gabana.

"Ci," ya ce.

"Halal ne, Mu'allim?"

Ya shiga lanƙwasa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. "Kabeji. Gishiri. Barkono. Tafarnuwa. Kifi. Babu alade, babu giya. Ci."

Na ci. Tsami ya fara zuwa, yaji ya biyo baya, idanuna suka kawo ruwa. Ya ce sunansa kimci, mako uku ya yi yana jiran wannan duron ya nuna, kuma mutanensa in babu shi a kan tebur, ko rago aka yanka musu ba su ci abinci ba. Washegari mota ta sauke kabeji tuli guda a bakin kicin. Kwana uku ina tsagawa, ina barbaɗa gishiri, ina wankewa, ina cusa jan haɗin barkono tsakanin ganye da hannu. Hannuwana suka yi ta raɗaɗi kamar na sa su a wuta. Wannan shi ne hukuncina, kuma shi ne aikin da na ci gaba da yi shekara da shekaru.

Abin ya tsaya mini a rai, na ce sai na rama. Akwai wata tsohuwa a Karantina mai sayar da daddawa, na sayo ƙwaya ɗaya na kai masa a takarda, ina jiran in ga ya toshe hanci. Ya shinshina, ya rufe ido, ya sake shinshinawa. Sai ya shiga ɗakinsa ya fito da kwalba mai wani ƙullu ruwan ƙasa na waken suya, ya kai mini hanci. Wallahi kamar uwa ɗaya ta haife su. Ya ce mahaifiyarsa takan ɗaure irinsa a rufin ɗaki ya yi wata da watanni. Daga ranar ya ɗauke ni daga wankin tukwane ya ba ni wuƙa.

Labarin mahaifiyar nan gutsure-gutsure na same shi, cikin shekaru. Tana da ɗan shagon abinci a bakin wata jami'a a ƙasarsu, tebur huɗu, a nan ya tashi. Ɗalibai ne masu cin abincinta, kuma ba ta taɓa bari kwano ya zauna wayam a gaban wani ba. Yaƙi ya zo ya raba su. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni kuma ban tambaya ba.

Bayan shekara bakwai ayyukan kamfanin suka ƙare. Aka kwance ɗakunan kwano, aka loda mutane a manyan motoci zuwa filin jirgi. Mu'allim ya ƙi tafiya. Matarsa ta riga ta rasu, 'yarsa ɗaya ta yi aure.

"Wa zan dafa wa a can?" ya ce mini.

Ya samu kafili, wani Balarabe mai gidaje a kusa da jami'a, wanda ya yarda a buɗe shago da sunansa. Shagon yana tsakanin masu hoton takardu da wani mai wanki da guga, tebur shida, kicin ɗin kuwa in mu biyu muka shiga sai ɗaya ya karkace ɗaya ya wuce. Ni a lokacin na yi aure na koma unguwar Nuzla, mota biyu nake hawa kafin in isa. Iƙama, takardar izinin zama, ba ni da ita. In aka ce masu duba takardu suna layin, sai in fita ta ƙofar baya in shige wurin mai guga in tsaya a bayan riguna har su wuce.

In mutane suka ji na yi aikin abincin Koriya sai su ɗauka wani abin sha'awa ne. Ni dai abin da na fi tunawa shi ne tsayuwa. Daga sallar asuba mu wuce kasuwar kayan miya. Irin kabejin da yake so, mai dogon ganye, ba kullum ake samu ba, sai mu ɗauki mai zagaye yana ta ƙunƙuni. Zafin Jidda kuma ba ya barin kimci ya nuna a hankali yadda yake so, kwana biyu firji ya yi sanyin jiki sai duk ya yi tsami fiye da kima. Ga kwanoni. A al'adarsu ba a ajiye abinci shi kaɗai, sai an jera ƙananan kwanoni biyar ko shida a kewaye, wannan kimci, wannan alayyafo da man riɗi, wannan ƙananan kifi busassu, wannan dankali. Tebur shida, kowane tebur a zauna a tashi sau da yawa a yini, kuma hannuna ne ke wanke kowane ɗaya. In an kira salla mukan ja ƙofar ƙarfe, ni in tafi masallaci, shi ya zauna a kujera ya tsoma ƙafafunsa a roba mai ruwa. Nakan dawo in tarar da shi yana gyangyaɗi, in tsaya jim kaɗan kafin in ɗaga ƙofar don kada in tashe shi da wuri.

Watannin farko kujeru muke kallo. Ɗaliban Indonesiya ne suka fara shigowa, su da ma mutanen shinkafa da yaji ne. Su suka jawo Larabawa, sannan 'yan Afirka. Abincin ba mai yawan iri ba ne. Akwai shinkafa a babban kwano da ganyaye da ƙwai a sama, a sa jan ƙullun barkono a cakuɗe. Akwai taliya da muke kaiwa kan tebur a tukunyarta tana tafasa. Akwai miyar kimci da naman sa, sai wainar ganyen albasa mai faɗi, sai shinkafa da ake naɗewa a baƙin ganyen teku a yanka ƙanana, wadda masu sauri kan saya su ci a hanyar aji. Ya sayo tsinkayen cin abinci irin nasu, amma yawancin ɗaliban cokali suke nema, 'yan kaɗan su yi ta kokawa da tsinkayen ana dariya.

Mu'allim ba ya yi wa kowa sannu da zuwa. Duk wanda ya shigo tambaya ɗaya ce: "Ka ci shinkafa?" Ya ce haka suke gaisuwa a garinsu. Kuma ba ya barin mutum ya ci shi kaɗai. In ɗalibi ya shigo ya nemi lungu, sai ya ɗauki kwanonsa ya kai teburin da wasu ke zaune, ya ja masa kujera. Wasu su ji kunya, wasu su ɓata rai, amma kafin taliya ta ƙare sai ka ji suna hira, cokula huɗu a tukunya ɗaya. Wannan kam bai zame mini baƙo ba, mu ma a gida a kwano ɗaya muka tashi.

Abin da ya dame ni shi ne ƙarin ƙananan kwanonin. Dokarsa ce duk wanda ya cinye a ƙara masa, ko sau nawa. Ɗalibai kuwa suka gane. Uku za su shigo su nemi kwanon shinkafa ɗaya, sannan su yi ta ɗaga hannu. Wata rana da na kai wa wani tebur alayyafo karo na biyar na dawo na ce, "Mu'allim, waɗannan fa wayo suke mana."

Ko ɗagowa bai yi ba daga yankan albasa. "Ɗalibi yunwa, Hajji. Kullum yunwa. Yalla, kai musu."

Lokacin jarrabawa ya fi kowane lokaci wahala. Su cika shagon da littattafai, wasu su yi barci a kan tebur bayan azahar, shi kuma ya hana a tashe su. Wasu sukan gama karatu su zo su yi mana sallama, washegari sababbi su maye gurbinsu, masu irin wannan yunwar. Ɗalibai kullum shekarunsu ɗaya, mu ne muke ta tsufa a bayan kanta.

A gida, mai ɗakina ta keɓe wa kayan aikina ƙusa a waje. "Malam, don Allah ka fara wanka kafin ka shigo, tafarnuwa har cikin filo," takan ce. Shekaru da yawa ina kawo mata ɗanɗane tana ƙi. 'Ya'yana, da aka haifa a can, sukan ci, amma in na yi musu Hausa da Larabci suke amsawa, kuma in an tambaye su aikin babansu sai su ce yana aiki a wurin 'yan Sin. Na gaji da gyara musu.

Mun yi kamar shekara tara a shagon lokacin da Mu'allim ya yi wani zazzaɓi mai nauyi, bayan azumi. Ya yi mako guda a kwance, ya tashi ya dawo aiki. Bayan 'yan kwanaki wani ɗalibi Basudane, wanda kullum yake cin abincin rana a wurinmu, ya yafito ni da hannu ya rage murya.

"Ya Hajji, miyar yau kamar daga teku aka ɗebo ta."

Na koma kicin na ɗanɗana. Gishiri ne zalla. Na ɗauka kuskure ne na rana ɗaya. Washegari na sa masa ido. Ya ɗebi miya a cokali ya kai baki, ya yamutsa fuska, ya ƙara gishiri. Ya sake ɗanɗanawa, ya sake ƙarawa. Sau huɗu. 

Ban iya faɗa masa ba. Mutumin da ya koya mini riƙe wuƙa, yaya zan dube shi in ce harshensa ya mutu? Sai na shiga gyara a ɓoye. In ya fita shan taba in ƙara ruwa, in jefa dankali ya tsotse gishirin. Da abin ya fi ƙarfin ruwa, na koma ɗora wata tukunya a bayan firji a kan ƙaramin risho, ina zuba wa ɗalibai daga ita, tasa kuma ina ragewa kaɗan-kaɗan a bokiti don ya ga tana tafiya. Haɗin kimci ma in ya gama ya juya baya sai in ƙara kabeji marar gishiri. Aiki ya zama biyu. Ga tsoron kada ya gani, ga zubar da abinci da ba ya mini daɗi. Wata huɗu na yi a haka. Na rame har mai ɗakina ta fara tambaya ko ciwo nake ɓoye mata.

Wata rana na dawo daga sallar la'asar, na ɗaga ƙofar ƙarfe, na tarar ba ya kan kujerarsa. Yana tsaye a bayan firji, murfin tukunyata a hannunsa. Ya ce in sake ja ƙofar. Ya ɗauko kofi uku ya zuba ruwa, ya sa gishiri a ɗaya, sukari a ɗaya, ya bar ɗaya haka nan. Ya juya baya ya ce in cakuɗa su. Na cakuɗa. Ya juyo ya kurɓi kowanne, a hankali, yana riƙe ruwan a baki kafin ya haɗiye.

"Duk ruwa ne," ya ce.

Ya ajiye kofin ya dube ni.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun bayan zazzaɓin nan, Mu'allim."

"Wata huɗu kana zubar da miyata."

"Na rasa yadda zan faɗa maka ne."

Ya wanke kofunan da kansa, ya ɗaga ƙofar, muka ci gaba da aiki. Kwana biyu bai ce mini uffan ba. In yana son abu sai ya nuna da wuƙa. Na ɗauka korata zai yi, kuma gaskiya a gajiyar da nake ciki ban san ko zan ji haushin korar ba. A rana ta uku ya ɗora miya, ta tafasa, ya ɗebo a cokali. Sai ya miƙo mini, hannu biyu, ɗaya yana tallafe da ɗaya. Na san abin da wannan ke nufi a wurinsu, don na sha ganin yadda samarin sansani ke miƙa wa manyansu abu. Na karɓa na ɗanɗana.

"Ƙara?" ya ce.

"Kaɗan."

Haka muka koma yi. Shi ke yanka, shi ke haɗawa, hannunsa bai manta komai ba, ni kuma in ɗanɗana in ce a ƙara ko a bari. Aikin ya ragu a jiki, amma wani nauyin ya hau kaina. Harshena na Bahaushe ne. Duk shekarun da na yi ina cin abincinsa, abin da na tashi da shi yana nan. Na san ina barin barkono ya ɗan fi yawa, na san ina janye hannu daga sukari don ban taɓa sabawa da zaƙi a miya ba. Ina ƙoƙarin in tuna yadda take a da, amma ɗanɗano ba abu ne da ake ajiyewa a aljihu a ciro a gwada ba. Kullum ana ɗan matsawa, ba wanda zai ce an matsa. Wani lokaci yakan tsare ni da ido bayan na haɗiye.

"Kamar ta mahaifiyata?"

Ni da ban taɓa ganin mahaifiyarsa ba, balle miyarta. Nakan ce, "Kamar ita, Mu'allim." Ya gyaɗa kai ya juya. Na sha yin istigfari a kan wannan amsar.

Ɗalibai ba su ga wani bambanci ba, wasu ma cewa suke abincin ya fi daɗi. Amma wata rana wani ɗan Koriya mai kwat ya shigo, baƙo ne da ya zo wani aiki aka ba shi labarin shagon. Mu'allim ya yi ta rawar jiki, ya jera masa kwanoni har tebur ya cika. Mutumin ya ci miyar, ya dakata, ya sake ci, sannan ya yi doguwar magana da yarensu. Ina leƙe daga kicin. Na ga Mu'allim ya yi dariya, ya sunkuyar da kai, ya raka shi har bakin titi. Da ya dawo na tambaye shi abin da ya ce.

"Ya ce da daɗi. Ya ce amma ya zaga ƙasarmu duka, bai san garin da ake miya haka ba. Yana tambaya ni mutumin ina ne."

Ya sake 'yar dariya, sannan ya ɗauki tsumma ya shiga goge teburin da na riga na goge. Daga ranar bai ƙara tambayata zancen mahaifiyarsa ba.

Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne ya daina ci. Mutumin da komai ya zame masa ruwa, me zai ja shi ga kwano? Yakan tsoma shinkafa a ruwan zafi ya kurɓa a tsaye, shi ke nan. Wandonsa ya fara zamewa, ya huda sabon rami a bel ɗinsa, ya sake huda wani. Sau biyu jiri ya ɗauke shi a gaban murhu. A na biyun na ce masa, "Mu'allim, kai da kake tambayar kowa ko ya ci shinkafa, kai wa ke tambayarka?" Ya ce in yi aikina. Amma a makon ya je ya kira 'yarsa a waya, ita kuma ta yi ta kuka har ya yarda zai koma.

Kafin ya tafi ya zo gidana a Nuzla, karo na farko a duk zamanmu. Ranar Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci. Ya cire takalmi tun daga bakin zaure, ya zauna a tabarma ya naɗe ƙafa kamar ɗan gida. Mai ɗakina ta yi dambun shinkafa da zogale, ta aiko da shi. Ya cinye tas, abin da na yi wata da watanni ban ga ya yi ba, ya ce in gaya mata bai taɓa cin abu mai daɗinsa ba. Na je bakin labule na faɗa mata. Ta san halin da yake ciki, na daɗe da ba ta labari. Ta ce, "Ka ce masa na gode, Allah ya kai shi gida lafiya."

Ranar tafiyarsa ban iya raka shi filin jirgi ba, marar takarda ba ya kai kansa can. A bakin shagon muka yi sallama, tasi na jira. Ya sunkuya mini, ni ma na sunkuya yadda ƙuguna ya bari. Ya ce, "Hajji, ka zauna wani lokaci. Kullum tsaye." Ya shiga mota.

Kafilin ya bar ni na ci gaba da dafawa kusan shekara guda, ya kawo wani ya tsaya a gaba. Amma ya hana ƙarin ƙananan kwanoni, daga baya ya hana su gaba ɗaya, ɗalibai suka fara raguwa. Wata safiya na zo na tarar ana fitar da tebura. Ya ce soyayyar kaza ake yayi yanzu. Aka kafa manyan kaskon mai, aka bar kanta da taga ɗaya. Na yi shekara goma sha ɗaya ina tsoma kaza a gari ina jefawa a mai. Ɗalibai su miƙo hannu ta taga, su karɓi leda, su tafi. Ban ƙara sanin fuskar kowa ba.

Wasiƙa ɗaya ta zo daga Mu'allim, ta akwatin gidan waya na kafilin, wata takwas bayan tafiyarsa. Da rubutunsu ya yi ta. Na sa ta a leda na yi ta yawo da ita a aljihu fiye da shekara, ban samu mai karantawa ba. Sai da na kai mai ɗakina wani asibiti na ga wani ma'aikaci mai kama da su, na yi ƙarfin hali na tambaye shi, ya ce shi ɗan can ne. Ya karanta mini a tsaye a baranda, yana fassarawa da Larabci. Ba doguwa ba ce. Ya ce yana zaune a gidan 'yarsa a bene hawa na goma sha huɗu, sanyi ya yi yawa, ba a barinsa ya shiga kicin. Ya ce garin ya canza, ya je neman inda shagon mahaifiyarsa yake ya tarar da titi. Ya ce a gaishe da matata da yara. A ƙarshe ya tambaya ko an gyara lambatun bayan shago da ke toshewa.

Na sa babbar 'yata ta rubuta masa amsa da Larabci, muka kwafi adireshin da ke bayan ambulan harafi-harafi kamar masu zane. Ban sani ba ko ta isa, ban kuma sani ba ko ya samu mai karanta masa. Wata wasiƙar ba ta sake zuwa ba. Na gaya masa duk muna lafiya, yara sun girma, ina nan a shagon. Zancen kaza ban sa ba. Lambatun kuwa na ce masa an gyara, alhali har ranar da gwiwoyina suka gaza na bar aikin yana nan a toshe.